Abin ƙara ji da na saya wa Baba: wata takwas ke nan, ga yadda muka kwashe da shi

Tun bayan ƙaramar sallah nake cewa zan rubuta wannan, don mutum ya kai huɗu da suka tare ni a ƙofar masallacin unguwa suna tambaya wai meye wannan abun da Baba yake maƙalawa a bayan kunne, wani ma cewa ya yi ya ji ana faɗin wai maganin mantuwa ne na Turawa. Toh bari in faɗa tun yanzu kafin wani ya je ya sayar da ragonsa, ba ya maganin mantuwa. Amma wallahi da za a mayar da ni baya sai na sake saya, abun da ma yake damuna shi ne ban saya tun shekara biyar da suka wuce ba.

Baba shekararsa 78. Ya yi kusan shekara talatin a ɗaya daga cikin masaƙun Kakuri nan Kaduna, ɓangaren injinan saƙa, wurin da in kana son yi wa na kusa da kai magana sai ka kafa baki a kunnensa ka yi ihu, har zuwa lokacin da masaƙun suka fara durƙushewa a farkon shekarun 2000. Mun taso mun san shi da ɗaga murya, rediyonsa kuwa in ya kamo BBC da asuba maƙwabta sun huta sayen batir. Duk mun ɗauka hali ne. Babu wanda ya taɓa kawo wa ransa cewa kunnen ne yake tafiya a hankali.

Wajen shekara uku da suka wuce abubuwa suka fara canzawa. Ya daina fita majalisarsu ta bayan la'asar, wadda tun ina firamare bai taɓa fashi ba sai da rashin lafiya. In an yi baƙi sai ya zauna shiru yana ta gyaɗa kai, a tambaye shi ya jiki yace ai sun tafi tun jiya. Ya tambaye ka abu ɗaya sau biyar kafin a yi azahar. Abun da ya fi ci wa Umma rai shi ne zargi, da ya ga mutum biyu suna magana a tsakar gida sai yace gulmarsa ake yi, ko an haɗa baki za a sayar mishi da gida. Umma tace gigin tsufa ne a yi haƙuri, wata goggonmu ta zo daga Zariya tace wannan ba tsufa ba ne jifa ne, aka shiga rubutu da hayaƙi da tofi. Ni ban hana ba, addu'a ai ba ta faɗuwa ƙasa banza, amma ranar da ya fita sallar isha'i sai mai shayin bakin titi ne ya riƙo hannunsa ya dawo da shi wajen ƙarfe goma, wai ya wuce ƙofar gidan da ya yi shekara arba'in a ciki bai gane ta ba, ranar nace gobe sai asibiti ko da za a yi fushi da ni.

Likitar da muka gani mace ce, kuma ita ta fara buɗe min ido. Ta faɗa mishi kalma uku tace ya riƙe za ta tambaye shi anjima, ko ɗaya bai kawo ba. Sai ta lura bakinta yake kallo ba fuskarta ba, ta matso kusa ta maimaita da ƙarfi a hankali, da ta sake tambaya ya kawo biyu. Tace min abu biyu ne suka haɗe mishi, akwai ciwon mantuwa na gaske, wanda ba tsufa kaɗai ba ne cuta ce ta ƙwaƙwalwa, sannan akwai rashin ji mai ƙarfi, kuma abun da bai shiga kunne ba ai ba za a ce an manta shi ba. Ta rubuta gwajin jini, har da na sinadarin B12 da na maƙoƙo, don wai ƙarancinsu kan kawo ruɗewa irin wannan kuma su ana maganinsu. Nashi duk suka fito lafiya. Sai tace a je a auna kunne.

Nan na yi wayon da ya ci ni. Maimakon in je awon, sai na ga talla a waya, abin ƙara ji mai caji, ko dubu ashirin bai kai ba har da kuɗin kawowa. Na yi oda kwana huɗu ya iso. Jama'a kar ku saya. Wannan ba komai ba ne illa ƙaramar lasifika, duk abun da ya samu sai ya ƙara mishi ƙara, cokali ya faɗi a kicin kamar an doka guduma, kukan akuya, janareton maƙwabta, fanka, duk a cikin kan tsoho. Ga wata tsuwwa da yake yi in ya ɗan motsa a kunne, har mu da ke gefe muna ji. Minti goma bai yi ba Baba ya fizge yace "kai, cire min wannan shaiɗanin", kuma ya yi sati ba ya yarda in matso kusa da kunnensa. Daga baya ne mai awon ya yi min bayanin dalili. Kunnen da tsufa ko ƙarar inji ta cinye, siraran sautuka yake fara rasawa, irin su s da f da sh da ts, shi ya sa tsoho zai ce maka ai ina jin muryarka maganar ce ba na ganewa. In ka ƙara ƙarar komai gaba ɗaya, kaurin da dama yana ji ka ƙara mishi, siririn da ya rasa yana nan a binne.

Na gaskiyar sai da muka bi hanya. Mu 'yan Kaduna ma muna da sauƙi tunda cibiyar kula da kunne ta ƙasa a garin nan take, kuma manyan asibitocin koyarwa suna da sashen kunne da hanci da maƙogwaro. Abu na farko da aka yi mishi wanke kunne ne, kuma abun da ya fito ba zan kwatanta ba don wani na iya cin abinci yanzu, shekara da shekaru ana tura datti ciki da tsinken ashana da gashin kaza. Wankin kaɗai ya ɗan buɗe. Sannan aka sa shi a wani ɗan ɗaki da ba ya shigar da ƙara, aka ɗora mishi abin sauraro a kai, aka ce duk lokacin da ya ji ɗan sauti ya ɗaga hannu. Na ji tsoron zai manta abun da aka ce ya yi, ya kuwa manta sau biyu, amma mai awon yana da haƙuri ya sake nuna mishi. Takardar sakamakon muka kai wani shago mai zaman kansa, suka cusa mishi wani abu kamar ƙullu a kunne suka ɗauki siffar ramin, bayan sati biyu muka koma aka haɗa na'urar da kwamfuta aka saita ta daidai da takardarsa, kunnen dama daban na hagu daban. Irin mai rataya a bayan kunne ce, da ɗan siririn tiyo da ke shiga cikin robar. Sun nuna mana ƙanana masu ɓuya a cikin kunne, sun fi kyau a ido, amma ga mai mantuwa da hannunsa ke rawa ƙarami bala'i ne, gara babba da za a gani in ya faɗi.

Kuɗi kam an kashe. Guda biyun sun kai kuɗin babur na hannu mai lafiya, mu huɗu muka haɗa, Yaya da ke Abuja ta ɗauki kaso mafi tsoka Allah ya saka mata. Wani ƙanina yace a sayi ɗaya mana tunda kunne ɗaya ma ji ne, mai shagon yace da ɗaya mutum ba ya gane ta ina magana ke fitowa kuma cikin taro ba ya iya tsamo murya guda. Na ɗauka dabarar ciniki ce, amma ranar da na hagun ya ɓace mana na kwana uku na ga bambancin da idona.

Satin farko ba daɗi. An gaya mana ƙwaƙwalwar da ta daɗe cikin shiru sai ta sake sabawa, don haka awa biyu da safe muka fara, cikin ɗaki, ba rediyo ba yara. Yace yana jin takunsa, yana jin taunarsa, muryarsa kamar daga cikin randa. Ya kira shi iyafis ɗin 'yan iska. Dabarar da ta yi aiki ta Umma ce, ta haɗa shi da hula da carbi a faranti ɗaya, in ya tashi sa hula sai ta miƙa mishi duka tare ba tare da wani dogon bayani ba, a hankali ya zama cikin shiri kamar tabarau.

Wajen sati na biyar ne abun ya faru da ya sa na ce kuɗin sun fita. 'Yata mai shekara biyar ta shigo tana mita ƙasa-ƙasa wai an hana ta alawa, ba ma shi take yi wa ba, sai kawai muka ji Baba yace "amarya wa ya taɓa min ke, zo in sake ki in auro wata". Tsakar gidan aka yi tsit. Ya fi shekara biyu rabon da ya yi mata wasan jika. Umma ta shige ɗaki, na san kuka ta je yi.

Daga nan sauran suka biyo. Rediyo ya sauko daga ƙarshen ƙara zuwa rabi. Ya dawo yana cewa liman ya ja sura kaza a asuba, har da gyara wai yaron yana sauri. Zargin nan na gulma ya ragu sosai sosai, don yanzu in ana magana yana jin cewa zancen cefane ake yi ba zancen gidansa ba. Kuma ya koma majalisa, ba kullum ba, kuma sai an raka shi, amma yana zama ya sa baki. Abokinsa guda yace min da sun ɗauka wulaƙanci ne ya sa ake mishi magana yana kau da kai.

Amma mantuwar tana nan, kuma gaba take yi ba baya ba. Har yanzu yana tambayar ina Kawu, ƙaninsa da ya rasu tun 2016. Da farko gaskiya muke faɗa mishi, sai ya fashe da kuka kamar yanzu aka yi rasuwar, bayan awa ɗaya ya sake tambaya a sake sabon makoki. Yanzu in ya tambaya sai nace Baba kana kewarsa ko, ba ni labarin zuwanku Legas a jirgin ƙasa, shikenan ya kama labari har ya manta tambayar. Haka in magariba ta kawo jiki sai ya rikice, ya ɗau takalmi yace zai tafi gida alhali yana gida, ko yace ya makara aikin dare. Na'ura ba ta taɓa wannan ba ko kaɗan. Abun da ya ɗan taimaka shi ne kunna fitila tun kafin duhu ya shigo, a rage hayaniyar yara, a ba shi abun yi a hannu ko da ɓarar gyaɗa ce. Mun kuma daina yi mishi jarabawa, irin baƙo ya shigo ana cewa Baba ka gane wannan, waye wannan. Kunya kawai ake ba shi. Wanda ya shigo ya gaishe shi ya faɗi sunansa da na ubansa, magana ta wuce.

Yanzu matsalolin kayan, don wanda zai saya ya sani.

Babbar ita ce alwala, kuma babu wanda ya faɗa min wannan a shago. Na'urar ba ta son ruwa, shi kuma sau biyar a rana zai shafi kunne da jiƙaƙƙen hannu, mai mantuwa kuma ba zai tuna ya cire ba. Sau biyu ta dama tana ɗaukewa, muka kwana da ita a gwangwanin busarwa mai 'yan ƙwayoyin nan irin na cikin kwalin sabon takalmi, Allah ya taimaka ta dawo. Dole aka ɗora wa wani jikansa aikin, da an kira sallah shi zai kai buta ya karɓi na'ura, in an idar da alwala an goge kunne ya mayar. Ladansa naira ɗari biyu a rana, kuma wallahi bai taɓa manta karɓar ladan ba.

Sai batir. Na zaɓi mai batir a kan mai caji saboda halin wutarmu, lamba 13 ne mai 'yar takarda ruwan lemo a baya. In ka ɓare takardar ka bar shi kamar minti ɗaya ya sha iska kafin ka sa, da iska yake aiki, kuma da zarar an ɓare ya fara ci ko ba a sa shi ba. A wurinmu yana kai kwana takwas zuwa goma, da hunturu bai kai haka ba. Ba a samu a kemis ɗin unguwa, sai an shiga gari, kuma akwai na jabu da ke mutuwa a kwana biyu. Abun da ya fi ba ni tsoro girmansa, daidai ƙwayar magani, wata rana na tarar Baba ya ɗauko ɗaya yana neman ruwa. Haɗiye irin wannan batir haɗari ne babba ga tsoho da yaro, tun ranar suna cikin durowa mai makulli tare da magungunansa.

Ɓata kuwa ba a magana. Mun same ta a naɗin hula, a aljihun babbar riga har ta kai gidan wanki, a cikin kwanon goro. Sai da na sa aka ɗaura wa kowacce siririn zare da ɗan maƙali a wuyan riga. Tiyon ma yana bushewa ya yi tauri bayan 'yan watanni sai an canza, kuma mai saita na'urar a shagon ba kullum yake zuwa ba, na yi zuwa biyu a banza. Takardar bayanin cikin kwali harsuna rututu babu Hausa, Umma da ita ce mai kula da abun kullum sai da na zana mata hoto a bayan kalanda, ja na dama shuɗi na hagu.

Da na koma wurin likitar ƙwaƙwalwar na tambaye ta kai tsaye ko da mun saya da wuri da bai kamu da ciwon mantuwar ba. Tace ba wanda zai iya rantse min a kan mutum ɗaya, amma in je in karanta. Na karanta ɗin. Hukumar lafiya ta duniya ta ce sama da mutum miliyan 55 ke da wannan ciwon, fiye da kashi 60 cikin ɗari a ƙasashe irin namu masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi, wato ba ciwon Turawa ba ne kamar yadda ake faɗa. Akwai kwamitin masana na mujallar likitanci ta Lancet ƙarƙashin Farfesa Gill Livingston ta Landan, a 2020 suka lissafa abubuwa 12 da in an magance su za a iya hana ko jinkirta kusan kashi 40 cikin ɗari na ciwon, a 2024 suka mayar da su 14 kashin ya koma 45. Rashin ji yana cikin mafiya nauyi, kashi 7 shi kaɗai. Dalilin da ake zato ni na gan shi a gidanmu, wanda ba ya ji yana janyewa daga mutane, ƙwaƙwalwa ta rasa abun taunawa, ɗan ƙarfin da ya rage mata kuma ya ƙare wurin canko abun da aka ce. Sai dai an yi wani gwaji a Amurka da aka fitar a 2023, tsofaffi 977 'yan shekara 70 zuwa 84 aka bi na shekara uku, a jimlace ba a ga bambanci tsakanin waɗanda aka ba na'ura da waɗanda ba a ba ba, amma a cikin rukunin da dama suka fi haɗarin kamuwa lalacewar tunanin ta ragu da kusan rabi. Don haka duk mai shagon da yace maka rigakafi ne tabbas, ciniki yake nema.

Sauran jerin ne ya hana ni barci, don ni ya shafa ba Baba ba. Hawan jini, ciwon suga, ƙiba, taba, giya, rashin motsa jiki, kaɗaici, ciwon damuwa, ƙarancin karatu tun yarinta, buguwa a ka, gurɓatacciyar iska, sai biyun da aka ƙara a 2024, kitse mara kyau a jini da matsalar ido da ba a yi wa magani ba kamar yana. Yawancinsu tun mutum na ɗan arba'in da wani abu ake shuka su. Ni shekarata 46, ina hawa babur ba hular kwano, shagona janareto ne a bakin ƙofa daga safe har dare, rabona da awon jini tun da na yi taifot. Na je na auna, ya hau. Yanzu ni ma ina da ƙwayata ta safe, Umma tana min dariya wai gidan ya zama kemis. Ita ma na sa an duba mata ido, akwai yana a na hagu, muna jiran a ba mu rana.

Maganar Umma ma, ita ce na'urar gaske a gidan nan, kuma ita ba ta da batir ɗin canji. Shekararta 69 tana tashi sau uku a dare. Sai da muka zauna muka raba kwana, Asabar da Lahadi nawa ne, ƙanwata tana zuwa Laraba ta wuni don Umma ta samu ta je islamiyya ta ga mutane. Na kuma bi liman da mai shayi da masu kanti biyu na layinmu na gaya musu halin da ake ciki ba ɓoye-ɓoye, na bar musu lambata, akwai kuma kati a aljihun kowace rigarsa. Goggo tace na tona asirin gida. Sau biyu aka kira ni ta dalilin katin nan.

In maki zan ba wa na'urar, huɗu cikin biyar, ɗayan na cire ne saboda alwala da wahalar batir. Ta onlayin ɗin kuwa sifili, tana nan a durowa yara na wasan 'yan sanda da ita. Wanda zai saya ya fara da awo, ya tambayi waranti a rubuce, ya tambayi sau nawa za su sake saita mishi kyauta don sai an koma aƙalla sau biyu, kuma ya tabbatar akwai mutum guda a gidan da zai ɗauki aikin sakawa da cirewa da gogewa, in babu wannan mutumin kuɗinka za su ƙare a kwanon goro. Wata mai zuwa za mu koma a sake awon, robar kunnen hagu ta fara sakwarkwacewa tana tsuwwa in yana tauna. Waccan da nace ta ɓace kwana uku kuwa, a bayan rediyonsa muka same ta cikin gidan batir, yace shi ya ajiye ta nan don ta sha caji.